Dogo, gajere ko matsakaici: gilashin tare iska a kan Boxer 150

Wanda yake sauri ya karɓi hukuncina tun daga nan. A kan ƙaramin babur irin namu, gilashin da bakinsa na sama ya tsaya daidai kan hancinka in kana zaune, shi ne naka. Wanda ya haura idonka kuwa, komai kyansa a rataye, bar wa mai shago kayansa. Sauran bayanin na wanda yake son jin dalili ne.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi, kuma kasuwannin mako nake ci. Juma'a ina Wudil, Lahadi ina Dambatta, Alhamis kuma in ɗauki doguwar hanya ta Gezawa da Gujungu da Gumel har Maigatari, bakin iyakar Nijar. Abin hawana Bajaj Boxer ne mai inji 150, da akwatin magani ɗaure a baya. Tsayina mita 1 da santimita 74. Dole in faɗi wannan, domin duk wanda ya yaba maka tsayin gilashi bai gaya maka nasa tsayin ba, bai gaya maka komai ba. Gilashi kamar hula yake, da kan mai sawa ake auna shi.

Hanyar Maigatari ce ta sa na nemi gilashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, Maigatari kuwa can take daidai daga Kano, saboda haka tun daga Nuwamba har Fabrairu gaba da gaba muke yi da ita da sassafe. Ƙarfin da iska take dannar ƙirji da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin ba ninki yake yi: wanda ya tashi daga kilomita 40 a awa zuwa 80, dannar da yake sha ta ninka sau huɗu. In kana kan 80 iskar hunturu kuma ta taho da nata 20, jikinka 100 yake ji, wato ƙarin fiye da rabi a kan abin da za ka ji a ranar da gari yake tsit. Shi ya sa mutum yake sauka a kasuwa kafaɗu sun riƙe, wuya ya sage, yatsu sun ƙi buɗe kwalbar allura, alhali bai ɗauki kayan kowa ba. Riƙon kan babur ne kawai don kada iska ta tura shi baya.

Gilashin da nake magana a kai ba shi da suna. A leda yake zuwa da ƙarafan ɗauri biyu da ake maƙalawa a kan babur, da notina da 'yan zobban roba. Sunansa ne gilashi, amma roba ce mai kaurin milimita 3, na auna da kaina. Tsayi uku ake kawowa, santimita 35 da 45 da 55, ko wanne akwai fari tas, akwai mai duhun hayaƙi. Kuɗinsa bai kai na sabuwar tayar baya ba. Masu suna irin Givi na Italiya, Puig na Sifen da MRA na Jamus suna ƙera gilashi daidai da kowane samfurin babur, amma galibi na manyan babura ne, kuma kafin ka biya kuɗinsu da na kawowa ka ci rabin jarin ɗan kasuwar ƙauye. Mu dai irin na ledan nan ne a gabanmu, shi za mu yi wa hukunci.

Gajeren, mai 35, ba zan daɗe a kansa ba. Ya yi wa babur kyau, ya kare mita daga ƙura, ya ɗauke iska daga ciki zuwa tsakiyar ƙirji. Daga nan sama duk abin da ya taho naka ne. Amma ina yaba masa da abu guda: iskar da take isowa kai a miƙe take zuwa, ba ta girgiza hular kwano, ba ta cika kunne da ƙugi. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, daga Hotoro zuwa Kantin Kwari, bai wuce 50 a mita ba, wannan ya ishe shi, in ma yana bukatar wani abu. A hanyar Gumel kuwa bai raba ni da ciwon wuya ba.

Dogon, mai 55, shi ne abin magana, domin shi ido yake fara so, shi kuma mai shago yake fara miƙowa. Wanda na gwada na abokin tafiyata ne da muke cin kasuwa tare, babur ɗinmu iri ɗaya, sai muka yi musayar gilashi na ɗan lokaci. A wurina bakinsa ya haura girata, wato ta cikinsa nake kallon hanya. Da safen farko ba ni da abin cewa sai sambarka. Sanyi bai taɓa fuskata ba, har na ɗaga gilashin hulata ina jin ƙarar injin ƙarara. Kafin in kai Gezawa hazo ya fara kwanciya a jikinsa. Mai mota yana da abin share gilashi da ruwan fesawa, mai babur ba shi da ko ɗaya, kuma ba a miƙa hannu a goge ana cikin gudu. Ga gilashin hula, ga na babur, ko wanne da tasa ƙurar, ido yana ratsa biyu kafin ya kai ga kwalta. Da rana ta ɗago daga gabas ta doki wannan ƙura, sai gaban ya koma fari fat. Sai na koma ina miƙa wuya ina leƙe ta sama, ko in karkata ina leƙe ta gefe, ciwon wuyan da na gudu ya dawo ta wata ƙofa.

Dawowa ta fi muni. Daga Maigatari da la'asar yamma ake fuskanta, rana a ido har ta faɗi. Bayan magariba kuma sai fitilun manyan motoci, waɗanda da wuya direbobinsu su rage maka haske. Duk ɗan karce da ke jikin robar sai ya kama hasken ya watsa shi, kowace fitila ta fito da gashi-gashi ta ko'ina. A hanyar da ake cin karo da rami, da amalanke marar fitila, da garken da yake tsallakawa bayan an tashi daga kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babur a kan 80 yana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Daƙiƙar da ka ɓata kana tantance ko inuwa ce ko jaki, ka riga ka isa wurin.

Akwai kuma maganar kan babur. Manyan baburan tafiya, gilashinsu a jikin gangar babur yake ɗaure, saboda haka iskar da ta doke shi ba ta taɓa sitiyari. Namu a kan sitiyarin kansa ake ɗaurawa. Duk iskar da ta bugi gilashin, hannunka take murɗawa. Da mai 55, in tirela ta gifta ko na fito daga bayan bishiyoyi zuwa fili, sai in ji kan ya fizge gefe guda sannan ya dawo. Ba faɗuwa ba ce, amma babur da nauyinsa bai wuce na buhun masara da 'yan kai ba, bai kamata a kafa masa faffaɗan abu haka a gaba ba. Ina kuma jin injin yana nishi a kan gudun da a da yake yi ba wahala in muna fuskantar iska. Da na kai wa bakanikena ƙorafi, dariya ya yi ya ce, “Alhaji, ai ƙofar shago ka ɗaura masa, ya za a yi ya gudu?”

Shi abokin nawa ya fi ni tsawo sosai, doguwar ƙira ce da shi, kuma a wurinsa mai 55 ɗin a kan leɓensa na sama yake tsayawa. Ta samansa yake kallo, bai san matsalar hazon da nake faɗa ba. Fizgar kan dai ya yarda da ita, ya ce ya saba. Gilashi ɗaya, babur iri ɗaya, hukunci biyu.

Mai 45 shi na saya, shi ne kuma a kan babur ɗin yanzu. Da na zauna yadda nake zama in tafiya ta yi nisa, bakinsa ya zo tsakanin leɓe da kan hanci. Mutane da yawa suna zaton in gilashi bai rufe fuska ba iska za ta doki ido. Ba haka abin yake ba. Iskar da ta hau jikin gilashi ba ta karyowa nan take a bakinsa, tana ci gaba da hawa na 'yan santimita kafin ta lanƙwaso baya. Gilashin da ya tsaya a hanci yana jefa iskar wajen goshi ko saman hula, ido kuma yana kallon hanya a fili ba shamaki. Za ka iya gwadawa da hannun hagu a hanyar da ba kowa: ɗaga tafinka a hankali daga ƙirji zuwa sama, za ka ji daidai inda iska mai ƙarfi ta fara. In a haɓa ka ji ta, gilashin ya yi gajere ko ya kwanta da yawa. In a saman kai ne, ka dace.

Ga yadda ake awo kafin a fitar da kuɗi, kuma ba a yin sa mutum ɗaya. A sauke babur daga jaki, wato ƙarfen da ake tsayar da shi a kai, a wuri mai shimfiɗa, domin in yana kan jaki shokozoba ba ta danne ba, awon zai yi ƙarya. In kana yawo da kaya, a ɗaura kayan. Ka sa hularka, ka zauna, ka riƙe kai. Kada ka miƙe ƙyam irin na mai ɗaukar hoto. Kowa a shago dogo ne, amma bayan tafiyar awa guda baya yana lanƙwasawa, kushin yana lotsawa, ido ya sauka da santimita biyu ko uku. Gilashin da ya yi daidai da zaman shago, a Gujungu bakinsa zai ratsa tsakiyar idonka, kuma babu tsayin da ya kai wannan muni: rabin hanya ta cikin roba, rabi ta sama, layi yana rawa a tsakani. To, kana zaune zaman gajiya, wani ya kafa tef ɗin tela daga saman fitila ya ja shi sama, a karkace yadda ƙafafun gaba masu riƙe da taya suke karkace, ba a tsaye cak ba, har ya zo daidai kan hancinka. Lambar da ta fito ita ce tsayinka. Ni na ƙara da yanka kwali a kan wannan awo na riƙe a wurin, aka ajiye dutse a ƙasa taku ashirin a gabana, kusan mita 15. In kana hango dutsen ta saman kwali ba tare da ɗaga wuya ba, awon ya yi. In lambarka ta faɗa tsakanin biyu, ɗauki gajeren.

Tsayi ba shi kaɗai ba ne. Ranar da aka ɗaura min mai 45, wata iska ce take kaɗa min hula hagu da dama, har rubutun allon hanya yana rawa a idona, kunne kuma ya cika da ƙugi. Yaron shagon ya ɗaura shi a tsaye sosai, ya kuma manna gindinsa da fitila ba ko kafa. Abin da yake faruwa shi ne, bayan gilashi iska tana yin ƙaranci, sai wadda ta wuce ta sama da ta gefe ta riƙa faɗowa ciki tana juyi, kai kuma kanka yana tsakiya. Maganinsa biyu: a kwantar da gilashin baya ya bi karkatar ƙafafun gaba, sannan a bar kafa kamar yatsu biyu tsakaninsa da fitila don iska ta shigo ta ƙasa ta cike gurbin. Da muka yi haka kaɗawar ta ragu ƙwarai. Ba dabarar mu ba ce, manyan kamfanoni sun daɗe da sanin ta. Tun 1976 BMW ta fitar da R100RS wanda aka gwada rufin gabansa a ɗakin gwajin iska, gilashin Honda Gold Wing kuma an daɗe ana yi masa 'yar taga don wannan dalili, samfurin 2018 ma da maɓalli ake ɗaga shi a sauke ana cikin tafiya. In masu wannan kuɗi sun ga tsayi ɗaya ba ya yi wa kowa, mu da sifana mai lamba goma sai mu yi haƙurin kwancewa da ɗaurawa har a dace.

Kafar ƙasan tana da nata aibi. Da dare hasken fitila yana kutsowa ta nan ya haska bayan gilashin. Salatif baƙi da na manna a gindin robar, faɗin yatsu uku, ya kashe wannan.

Yanzu aibin kayan kansa. Ƙarafan ɗaurin ba su da kirki. Sirara ne, fentinsu ya fara tashi tun damina ba ta yi nisa ba, notinan kuma a hanyar burji kwancewa suke yi da kansu. Na sauya su da notina masu roba a ciki, waɗanda girgiza ba ta warware su, na sa mai walda ya ƙara wa ƙarfen hagu ƙarfi inda ya fara tsagewa. Zobban robar da suke tsakanin noti da gilashi kada a yar da su, kada kuma a ɗaure noti har ƙarshen ƙarfi, domin daga bakin huda tsaga take farawa. Bayan an ɗaura, a juya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, a tabbata bai taɓa tanki ko madubi ba, bai kuma matse wayar birki ko ta kuloci ba. Robar kanta tana ɗan lanƙwasowa baya in an wuce 80, abin da yake rage mata tsayi kaɗan. A mai 45 ban damu ba, a mai 55 har kaɗawa take yi.

Na tambayi mai shagon wace irin roba ce, ya ce, “Mai kyau ce, ranka ya daɗe.” Iyakar bayaninsa ke nan. Iri biyu ake yin gilashin babur da su. Akwai akirilik, wadda ta fi haske, ba ta saurin karcewa, in ta karce ana iya goge ta, amma dutse mai ƙarfi yana fasa ta. Akwai folikabonet, wadda da wuya ta fashe, amma in ba a shafe ta da abin kariya ba ƙura kaɗai tana cinye fuskarta. Ko wacce ce a hannunka, dokar wanki ɗaya ce, kuma a ƙasar hazo ita ce take raba gilashin shekara uku da na wata uku: kada a goge shi a bushe. Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, tsumma busasshe samfefa ne. A kwarara ruwa tukuna, ƙurar ta sauka, sannan sabulu kaɗan da tsumma mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Yaran wankin babur suna son dangwalo fetur su goge maiƙo, ni tun daga nesa nake ce musu su yi wa Allah su bar gilashin, da kaina zan wanke. Fetur yana dusar da roba ya sa mata ƙananan tsaga. Farkon damina, in shinge ya tashi ya mammanne, jiƙaƙƙen tsumma nake shimfiɗawa a kai na ɗan lokaci, su jiƙa su sauka da kansu ba kankara.

Maganar launi gajera ce. Mai duhu ya fi kyau a ido, kuma a gajeren gilashi ba ya cutar da kowa tunda ba ta cikinsa ake kallo ba. A mai 45 kuwa, ramin da yake dab da tayarka ta cikin roba kake ganinsa. Wanda yake kai magariba a hanya ya ɗauki fari.

Sai zafi, wanda masu sayarwa ba sa ambata. Abin da ya tare maka iskar Janairu shi zai tare maka ta Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40. A cikin cunkoson Yankaba da tsakar rana, bayan gilashi iska ba ta ko motsawa, gumi har cikin takalmi. Nan ma matsakaicin ya fi dogon, domin yana barin iska ta taɓa kafaɗa da saman kai. Duk da haka ni da bazara ta kankama kwance shi nake yi in naɗe a tsohon zane, in mayar in ruwa ya sauka. Noti huɗu ne. In kuwa yana ɗaure, a guji ajiye babur a rana tsaka ba rufi: roba mai lanƙwasa tana iya tattara hasken rana wuri guda ta ƙona murfin mita, ban da jan da take yi da daɗewa.

Wanda yake ɗaukar mutum a baya ya tambaye shi shi ma. Iskar da ta tsallake kan direba wani wuri take sauka, sau da yawa kuma a fuskar na baya ne. Yaron da yake taya ni ɗaukar kaya ranar Wudil ya ce da gajeren gilashi ya fi jin daɗi, da mai 45 kuma sai ya sunkuya ya laɓe a bayana. Na saya masa hula mai rufin fuska, magana ta ƙare. Gilashin babur dai ba ya maye gurbin hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa tun Janairun 2009, ko da yake kowa ya ga yadda abin ya kasance a titunanmu.

Shagon da na saya, zan yaba masa da abu ɗaya in kuma rage masa da ɗaya. Ya yarda in tafi da gajeren in gwada in dawo da shi a canza min muddin ban karce ba, kuma ya cika alkawari ba tare da jan magana ba. Amma ba shi da tef, ba ya cewa mai saye ya hau babur a gani, dogon kawai yake turawa domin ya fi tsada. In za ka je, tafi da babur ɗinka, da hularka, da lambar awonka a rubuce, ka kuma ɗaga gilashin sama ka kalli wani miƙaƙƙen abu ta cikinsa, kamar turken lantarki. In ka ga turken ya lanƙwashe ko yana rawa, a sauko maka da wani, domin a cikin leda ɗaya ma ba duka suke fitowa daidai ba. Ni sai a na uku na samu wanda turken ya tsaya a miƙe.

Wanda ya riga ya sayi dogo kuma ba a karɓar mayarwa, ana rage shi. A manna salatif na takarda a fuska biyu, a zana layin da kwali a bi lanƙwasar bakin asali, a yanka a hankali da zarto mai ƙananan haƙora ba tare da danna shi ba, sannan a goge bakin da samfefa mai laushi har ya daina kaifi. Santimita biyu ake fara cirewa a hau a gwada, in bai isa ba a ƙara.